Ranar da Na Cire wa Jirgin Kawu Bargo

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta tsakiyar bazara ba, ko da kuwa na so in manta, domin mutanen Kura ba sa barin mutum ya binne abin kunyarsa shi kaɗai. Ni makanikin injin ban-ruwa ne. Na haura shekara ashirin a sana'ar, kuma daga Kura har Bunkure duk manomin da injinsa ya yi tari a tsakiyar fangalin tumatir, lambata yake lalube. Injiniya ake ce mini. (Ba wata makaranta ce ta ba ni sunan ba. Ni na rubuta shi da jan fenti a ƙofar shagona, jama'a kuma suka yi mini kara.) Babban aibina a lokacin shi ne ban taɓa tsayawa a gaban inji na ce ban sani ba. Ko ban sani ba sai na taɓa.

Injiniyan gaske a danginmu shi ne Kawu Sale, yayan mahaifiyata. Zamanin da ake amfani da ƙananan jirage wajen feshin tsuntsayen jan-baki a gonakin shinkafa, shi ne mai kula da injinansu. Da ya yi ritaya, maimakon ya sayi shanu ko injin casa kamar sauran tsararrakinsa, sai ga shi da gawar wani ƙaramin jirgi mai kujera biyu a bayan tirela, fukafukai daban, gangar jiki daban. Ya kafa masa rumfar kwano a gefen gonarsa ta wajen Bunkure, kusa da tsohon filin jan burjin da jiragen feshin suke sauka a da. Shekara tara yana haɗa shi, noti bayan noti. Tun mutane suna cewa tsufa ya taɓa shi, har suka gaji suka koma kai masa 'ya'yansu kallo ranar sallah.

Ana cikin haka idonsa ya fara tafiya. Hawan jinin ido, in ji likita, kuma bai ɓoye masa komai ba: abin da ya tafi ba zai dawo ba, abin da ya rage ma a kan hanya yake. Kawu ya taɓa kwatanta mini yadda yake gani. Ya ce kamar mutum yana leƙen duniya ta cikin bututun ban-ruwa, kuma kullum bututun ƙara tsukewa yake yi. Bai yi ƙorafi ba. Buri ɗaya kawai ya rage masa, ya faɗa mini shi wata rana muna zaune a ƙarƙashin fiffiken jirgin muna cin rogo da ƙuli.

"Ɗan nan, sau ɗaya kawai nake so. In hau sama in ga gonakin nan tun ina iya raba kore da ja. Daga nan kuma duk abin da Allah ya yi daidai ne."

To, tunda ƙananan kusoshi sun fi ƙarfin idonsa, sai ya mai da ni idonsa da hannunsa. Shi ke faɗa, ni ke ɗaurewa. Shekara ɗaya da rabi muna haka, kuma a duk tsawon lokacin babu abin da yake damunsa kamar zafi. Injin jirgin ba shi da lagireto, ba ya shan ruwa ko ɗigo, iska ce kaɗai ke sanyaya shi kamar injin babur. A gaban matuƙi akwai wani ma'auni mai allura da ke nuna zafin kan silinda, da jan layi a ƙarshensa, kuma Kawu yana tsoron jan layin nan fiye da yadda yake tsoron maciji. Kullum karatunsa ɗaya ne: a bazara ba a tashi sai da sanyin safiya, ba a barin inji ya daɗe yana aiki a ƙasa, in za a gwada shi a juya hancinsa ya fuskanci iska, in an tashi kada a miƙe sama tsaye, a hau a hankali iska ta samu shiga. Ni kuwa sai gyaɗa kai nake yi, a raina ina cewa ni da nake fama da injuna a rana tsaka, wa zai koya mini zafi?

Wadda za ta tuƙa jirgin 'yarsa ce, Binta, matuƙiyar jirgin fasinja. Kyaftin ake ce mata a wajen aiki, amma a wajena taubashiya ce kawai, kuma tun muna yara ba ta taɓa raga mini ba. Ba ta kirana da sunana, sai "ɗan mace", in kuma ta so ta ƙure ni ta ce "Injiniyan fangali". Hutun kwana uku kacal ta samu, da ƙyar: ta iso Juma'a da yamma, ta koma Lahadi da azahar. Wani hutun sai bayan watanni, kuma dukkanmu mun san abin da watanni suke nufi ga idon Kawu, ko da yake ba wanda ya faɗa. Ranar Laraba injiniyan da hukuma ta amince da shi ya zo daga Kano, ya duba jirgin ciki da waje, ya sa hannu a takardu. Aka tsayar da Asabar da sassafe.

Ranar Juma'a da safe Kawu ya tafi asibitin ido, ya bar mini aiki guda ɗaya tak. Zanzaro yana son yin gini a tsakanin tsagogin silinda, to in buɗe murfin injin in duba, in na ga gini in kankare shi da tsinke, in mai da murfin. Aikin minti goma sha biyar.

Na buɗe murfi. Na kankare gida biyu. Da na mai da murfin nan na tafi masallaci, da yanzu ba ni da labarin da zan ba ku. Amma sai na tsaya ina kallon injin, hannu a ƙugu, irin kallon da gwani yake yi wa aikin wani. Na ga wasu faya-fayan alminiyom an lanƙwasa su sun rungume silindojin, ta gefe, ta baya, har da tsakaninsu, kowanne da leɓen roba a bakinsa da ke manne wa murfi. Na sha ganinsu, amma kafin zuwana Kawu ya ɗaura su, ban taɓa tambaya ba. A ranar sai wani tunani ya faɗo mini, har na ji tsigar jikina ta tashi don jin daɗin kaifin basirata. Ai wannan bargo ne!

Kada ku yi saurin yi mini dariya, ku tsaya ku ji hujjata. Duk motar da aka shigo da ita daga ƙasar sanyi, abu na farko da makanikin Kano yake yi mata shi ne ya zare mata ɗan ƙarfen nan da ke tare ruwan lagireto, ya wurgar, ya ce na ƙasar Turawa ne. Haka muka taso muka gani. Ni kaina na sha cire wa injin ban-ruwa rigarsa ta kwano don ya sha iska. To ga jirgi an ƙera shi a inda ƙanƙara ke zuba, an naɗe masa inji ruf kamar jariri, an kawo shi Bunkure a watan da ko kadangare ke neman inuwa, sannan ana mamakin zafi? Na ce Allah sarki Kawu, ilimin littafi ya rufe masa ido, bai lura da abin da ke gabansa ba. (Eh, haka na faɗa a raina, game da mutumin da idonsa ke mutuwa. Har yau in na tuna sai na yi istigfari.)

Na ɗauko sifana da sukundireba. Faya-fayan gaba sun ƙi fita saboda a dashe suke, na bar su ina tsaki. Na baya da na tsakiya kuwa duk na kwance su tas, na zuba a buhu har da kusoshinsu, na ɗaure a bayan babur ɗina. Na mai da murfi. Ban gaya wa kowa ba, so nake sai an sauko lafiya ana mamakin yadda allura ta kwanta, sannan in yi gyaran murya. Har na tsara yadda zan yi maganar da tawali'u.

Asabar ana idar da sallar asuba fili ya fara cika. Manoma sun bar ban-ruwa, mata sun tsaya daga bakin gona, masu A Daidaita Sahu sun jera kekunansu, ga wani dattijon Bafulatani, Jauro, ya tsayar da shanunsa daga nesa ya dogara da sanda. Kawu ya sha farar shadda da tsohuwar hularsa ta aiki. Binta ta zagaya jirgin tana dube-dubenta, ta leƙa ta kafofin iska na gaba, ta ga faya-fayai a wurinsu, ta wuce. Ta ɗaure wa mahaifinta bel da hannunta, ta juyo ta ce mini, "Ɗan mace, matsa baya kada iskar farfela ta ɗauke ka, ba mu da kuɗin fansarka." Na yi murmushi irin na wanda ya san abin da ba a sani ba.

Inji ya tashi da bugu ɗaya. Jama'a suka ɗauki kabbara. Jirgi ya gangara a hankali har ƙarshen fili, ya juya hanci ga iska, Binta ta ƙara masa wuta don gwaji. Muna jira ya zaburo. Muna jira. Sai kawai muka ji ƙarar ta ragu, can kuma farfela ta tsaya cak.

Na hau babur na riga kowa isa, kuma ko a wannan gudun sai da na nuna hali. Na ji Binta ta buɗe ƙofa tana cewa, "Baba, allurar zafi ta kusa ja, minti nawa muka yi duka-duka?" Ina jin kalmar zafi jikina ya yi abin da ya saba. Na fizgi bokitin wani manomi, na kamfato ruwa a kanal, na nufo hancin jirgin a guje zan sheƙa masa, kamar yadda muke yi wa injin ban-ruwa in ya ɗau zafi.

Kawu bai gan ni ba, amma ya ji motsin ruwa a bokiti. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar.

"Wane ne da ruwa? Ajiye! Ajiye shi, za ka fasa mini silinda!"

Na ci birki, ruwan bai ci ba. Ya dawo mini gaba ɗaya daga ciki har ƙafa. Ga ni tsaye a gaban rabin ƙaramar hukuma, wando sharkaf yana ɗiga. Mai hankali a nan zai yi shiru ya koma gefe. Ni kuwa sai na ga ai dama ce ta wanke kaina, na ɗaga murya yadda na baya ma za su ji.

"Kawu, ma'aunin nan ne ya lalace, wallahi. Injin nan ba shi da hanyar yin zafi. Ai jiya na cire masa bargon gaba ɗaya."

Binta ta cire abin sauraron matuƙa daga kunnenta a hankali ta ce, "Ka cire masa me?"

Na je na kwance buhun daga babur, har a lokacin da sauran ƙwarin gwiwata, na zazzage shi a gaban fiffike. Faya-fayan suka zube a ƙasa suna ƙara. Aka riƙo Kawu ya sauko. Ya durƙusa da farar shaddarsa a kan jan burji, ya miƙa hannu yana lalube, ya ɗauki ɗaya ya shafa shi tun daga lanƙwasa har leɓen robar. Ya ajiye ya ɗauki wani. Kowanne ya taɓa sai ya faɗi wurinsa, ƙasa-ƙasa, kamar mai ƙirga jikoki: wannan na bayan hagu ne, wannan na tsakanin ta ɗaya da ta uku. Da ya zo kan wani ƙarami mai kusurwa uku sai ya ɗan daɗe.

"Wannan ba a samunsa ko'ina," ya ce. "Da hannu na yanka shi. Sau shida ina ɓatawa, lokacin ina gani."

Daga can baya Jauro ya yi gyaran murya ya ce, "Injiniya, ai mu ko saniya in ta ji zafi inuwa muke kai ta, ba ma feɗe ta." Fili ya kece da dariya, har da masu riƙe ciki. Wani ya ce gyaran gangar Auzinawa ke nan. Dariyar ba ta dame ni ba sosai, na ci abin dariya. Abin da ya kashe mini jiki shi ne Binta ba ta yi ba. Yarinyar da ko tuntuɓe na yi sai ta yi mako tana tsokanata, ga na miƙa mata abin tsokana na shekara goma, amma ko kallona ba ta yi ba. Ta dubi agogonta, ta dubi ranar da ta fara ɗagowa, ta dubi mahaifinta a durƙushe, idonta ya ciko. A nan na fahimci lissafin da take yi. Kafin a mai da faya-fayan nan rana ta take, yau ta wuce ke nan. Saura safiya ɗaya. In kuma zafin ya riga ya yi wa silinda illa, babu ko ɗayar. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma na san ko ta tsage ba ta isa ta ɓoye ni ba.

Na durƙusa kusa da shi na ce, "Kawu, ka yafe mini." Abin da ya iya fita ke nan.

Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya ce in kai shi bakin gonar da ke kusa. Akwai wani manomi da ya bar ruwa yana gudu a tsakanin fangalinsa na albasa. Kawu ya tsaya yana sauraren ruwan.

"Ɗan nan, in ka buɗe ruwa daga kanal ka rushe duk kunyoyin nan da datsin nan, ka ce ka ba ruwa 'yanci, albasar can ta ƙarshe za ta sha?"

Na ce, "A'a, Kawu. Zai bi gangare ya tafi abinsa."

"To ita ma iska malalaciya ce kamar ruwa. In ta shiga ta gaba, hanya mai sauƙi take nema ta fice. Faya-fayan nan datsi ne. Su ke tare ta, su tilasta mata ta ratsa ta cikin tsagogin silinda, ta gaba da ta baya, kowacce ta sha rabonta. Ka cire su, silindar baya ko ɗigo ba za ta samu ba." Ya juyo gare ni. "Laifina ne ma. Shekara ɗaya da rabi ina ce maka ɗaure, kwance, ban taɓa ce maka ga dalili ba."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ni ɗan ƙasar ban-ruwa, wanda ya buɗe ido ya ga ubansa yana datse ruwa da fartanya, sai da mai lalurar ido ya nuna mini abin da nake takawa kullum. A tsayen nan kuma na tuno injunan mutane da na tuɓe wa riga, waɗanda suka riƙa ƙonewa bayan wata biyu ina ɗora wa baƙin mai laifi. Wannan ban faɗa wa Kawu ba, kunyar rana ɗaya ta ishe ni.

Aka tura jirgi rumfa, jama'a suka watse da labari a baki. Yinin nan cur muka yi muna mayarwa. Kwano ya yi zafi kamar tanda, gumi yana shiga mini ido, amma ban nemi hutu ba. Kawu yana zaune a kan benci, in ɗauko faifai in sa masa a hannu, ya shafa ya gaya mini wurinsa da aikinsa, in ɗaura, sannan ya miƙe ya bi leɓen robar da yatsa ya tabbatar ya kalli ciki, ba waje ba, babu ko kafar da iska za ta sulale. Binta ta kira injiniyan hukuma ta gaya masa gaskiyar abin da ya faru, ban san da wace murya ba. Bawan Allah ya zo bayan la'asar, ya kwance fulogi ya leƙa cikin kowace silinda da 'yar fitila, ya auna ƙarfinsu ɗaya bayan ɗaya. Ni dai ina gefe ina karanta duk addu'ar da na sani. Ya daɗe kafin ya miƙe ya ce Kyaftin ta kashe shi a kan kari, ba abin da ya taɓu. Ya sake sa hannu. Da zai tafi ya dube ni, ya girgiza kai kawai.

Lahadi ba a yi taro ba, mu kaɗan ne. Gari ya waye da ɗan sanyi. Jirgi ya gangara, ya juya, ya yi gwajinsa. Sai ya zaburo, ya wuce ta gabana, ƙafafunsa suka rabu da ƙasa. Ya hau a hankali, a kwance, yadda Kawu ya sha faɗa, ya karkata wajen Kadawa har ya zama ɗigo. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ƙaton mutum da gemu, ban kuma damu da wanda ya gani ba.

Minti ashirin da biyar suka yi. Da suka sauka Kawu bai fito nan da nan ba, ya zauna hannunsa a kan gwiwa yana murmushi. Na matsa na ce, "Kawu, ka gani?"

"Na ga kanal," ya ce. "Yana ƙyalli tun daga can har can, ban san yana da tsawo haka ba. Na ga kore kuma, mai yawa. Sauran Binta ce ta riƙa faɗa mini, ga shinkafa, ga tumatir, ga shanu. Ya isa, ɗan nan. Alhamdu lillahi."

Binta ta zagayo tana cire safar hannu, ta ce allura ko rabi ba ta kai ba. Sannan ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Sannu da aiki, Sarkin Bargo." Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Sunan kuwa ya bi ni, yanzu har yaran da ba su san dalili ba haka suke kirana.

Kafin a girbe shinkafar damina idon Kawu ya rufe gaba ɗaya. Nakan zauna in auna yadda safiya ɗaya tal ta raba ni da ɓarnar da babu sifanar da za ta gyara. Har yanzu ina zuwa rumfar duk mako in duba injin, kuma duk abin da na taɓa, in na gama sai Kawu ya miƙe ya bi bayana da yatsunsa. Yakan ce ba wai bai yarda da ni ba ne, hannu ne ya saba. Ni na san gaskiya, kuma ban taɓa jin haushi ba. Abin da na koya dai shi ne, in ka ga ƙarfe a jikin inji ba ka san aikinsa ba, ba ƙarfen ne ba shi da aiki ba, kai ne ba ka da sani. Shekara arba'in da uku na yi kafin bakina ya iya furta "ban sani ba", kuma da na gwada sai na tarar ko ciwo babu.